Nonon Uwa Amana Ne: Mai Shayarwa da Abin Maye a Mizanin Shari'a da Likitanci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya tanadar wa jariri abincinsa a ƙirjin mahaifiyarsa tun bai san roƙo ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wata tambaya ce ta iso mana bayan sallar Isha'i a nan Sakkwato, daga bakin wani magidanci da ya jira har jama'a suka watse kafin ya matso. Matarsa tana jego. Duk wanda ya zo barka sai ya yaba haƙurin jaririn, domin ba ya kuka, ba ya fitina, barci kawai yake yi, har sai an tashe shi kafin ya kama nono. Ranar da kakar yaron ta shiga gyara ɗaki sai ta tarar da kwalaben maganin tari a bayan gado, duk an shanye. Tambayarsa uku ce: shin nonon ya zama najasa? Shin ya raba ta da yaron? Shin ya sake ta?

Mun amsa masa gwargwadon abin da Allah ya sanar da mu, abu na farko da muka ce kuwa shi ne ya kai yaron asibiti a daren. Amma mun ga ya dace a faɗaɗa maganar, saboda abin da ya kawo shi yana faruwa a gidaje da yawa, kunya ce kawai ta rufe bakin mutane.

Giya ta sauya suna

Idan aka ce mai shayarwa tana shan giya, da yawanmu za su ce wannan zance ne na wasu ƙasashe. Sakkwato na cikin jihohin da suka dawo da aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, kuma babu matar aure da za a gani riƙe da kwalbar barasa a kan titi. Wannan gaskiya ne, muna kuma gode wa Allah a kai. Sai dai abin maye ya daina shigo mana da sunansa na asali. Yanzu da sunan magani yake sallama.

A shekarar 2018 sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC ya fitar da rahoto kan yadda maganin tari mai ɗauke da kodin ya zama abin maye a Najeriya, kuma a farkon watan Mayun shekarar gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi. A watan Janairun 2019 aka fitar da binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Binciken ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, kuma ɗaya cikin kowane huɗu daga cikinsu mace ce. Kimanin miliyan 3 daga adadin suna yankinmu na Arewa maso Yamma. Mu tsaya mu yi lissafi: a ƙasar da mace ke aure da wuri, ta haihu akai-akai, ta shayar kusan shekara biyu, shekarun shaye-shayen mace su ne shekarun goyonta. Kowace kwalba da ta shiga irin wannan gida, mutum biyu ne suka sha ta.

Ita ma barasar ba ta yi nisa da mu yadda muke zato ba. Hukumar NAFDAC ta sanar a watan Fabrairun 2024 cewa ta fara aiwatar da haramcin sayar da barasa a ƙananan ledoji da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, bayan wa'adin shekara biyar da aka bai wa kamfanoni tun 2018. Masu sana'ar suka yi ca, aka ƙara musu wa'adi zuwa ƙarshen 2025. Dalilin hukumar shi ne arhar waɗannan ledoji da sauƙin ɓoye su. Wani kaso na irin waɗannan kayan ana tallarsa ne da sunan maganin gargajiya mai ɗaci, na basir ko ciwon baya ko wankin ciki, alhali saiwoyi ne aka jiƙa a cikin barasa mai ƙarfi. Mai jegon da ke fama da ciwon baya, aka kawo mata irin wannan aka ce magani ne, ba lalle ta karanta abin da aka rubuta da Turanci a jikin ledar ba.

Abin da ke sauka cikin nono

Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa barasa tana ratsawa daga jinin uwa zuwa nononta, kuma yawanta a nono yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawanta a jini. Tana kai ƙololuwa tsakanin minti 30 zuwa 60 bayan an sha. Ƙaramin kofi ɗaya yana ɗaukar awa 2 zuwa 3 kafin ya fita daga jiki, idan aka ƙara sha lokacin ya ƙaru. Tatse nono a zubar ba ya tsarkake shi, domin muddin barasar tana cikin jini, sabon nonon da zai taru da ita zai taru. Hantar jariri kuwa ba ta yi ƙwari ba. A makonnin farko tana sarrafa barasa ne da kusan rabin saurin ta babba.

Ɗalibanmu da ke zuwa karatu ko hidimar ƙasa a wasu sassa za su ji ana cewa baƙar giya ko bammi suna kawo ruwan nono. Bincike ya nuna akasin haka. Wata masaniya a Amurka, Julie Mennella, ta wallafa tun 1991 cewa jarirai suna shan nono ƙasa da yadda suka saba da kusan kashi 20 cikin 100 a awannin da suka biyo bayan shan barasar uwa. Barasa tana danne sinadarin da ke sa nono ya sauko, sai uwa ta ji ƙirjinta a cike ta ɗauka ƙaruwa ce, alhali nonon ne ya ƙi fita. Barcin jaririn ma yana raguwa kuma yana yankewa.

Kodin ya fi haka haɗari. Hanta tana mayar da shi mofin, wanda yake dangin hodar iblis ta heroyin ne, kuma akwai mutanen da jikinsu ke yin wannan juyi da sauri fiye da kima ba tare da sun sani ba. Wannan halitta ta fi yawa a wasu al'ummomin Afirka, musamman Habasha da arewacin nahiyar. Idan mofin ya sauka a nono, yana kashe wa jariri jiki, ya sa shi barci mai nauyi, ya rage masa numfashi, yana iya tsayar da shi gaba ɗaya. Shi ya sa a watan Afrilun 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa kada mai shayarwa ta sha kodin ko tiramadol, ko da kuwa don ciwo ne. To ina ga wadda ke shanye kwalba guda don neman maye? Jaririn da ake yabo da haƙuri, wani lokacin ba haƙuri ba ne, buguwa ce. Yawan barcin da ya wuce saba, saki na jiki, kasa kama nono, numfashi a hankali ko leɓe ya sauya launi, duk alamu ne da ba a kwana da su a gida.

Hukunci yana bin illa, ba suna ba

Haramcin giya ba ya buƙatar dogon bayani ga Musulmi. Ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun rufe ƙofar, bayan matakan da suka gabata a Baƙara da Nisa'i. Abin da ke buƙatar tunatarwa shi ne faɗin ma'anar. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya duk abin da ke bugarwa cikin hukuncin giya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Da sahabi Ɗariƙu ɗan Suwaidu ya nemi izinin yin magani da giya, sai aka sanar da shi cewa cuta ce ba waraka ba. Saboda haka wanda ya sha maganin tari ko ƙwaya don hankalinsa ya gushe, kwali da tambarin kamfani ba za su kare shi gaban Allah ba.

Wannan ƙa'ida ta shafi har abin da muke haɗawa da hannunmu. Ibnu Abbas ya ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi zabibi ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a shayar ko a zubar, don gudun kada ya juya. Duk wani tsimi ko jiƙo mai zaƙi, na dabino ko zuma ko rake, da aka rufe a jarka ya yi kwanaki cikin zafin Sakkwato, yana iya tsimuwa ya yi kumfa ya fara bugarwa. Masu haɗawa da masu saye su lura da wannan, musamman idan mai jego za a ba.

Amma kada a wuce gona da iri. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 2002, ta bambance tsakanin shan giya tsantsa da sunan magani, wanda ta haramta, da maganin asibiti da ke ɗauke da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na barasa wanda haɗin ya buƙata, idan babu madadinsa kuma amintaccen likita ne ya rubuta. Don haka mai shayarwa ba za ta watsar da maganin da likita ya ba ta saboda waswasi ba. Wajibinta shi ne ta faɗa wa likita ko mai kemis cewa tana shayarwa kafin a ba ta komai. Akwai magungunan ciwo, irin su farasitamol, da likitoci ke bai wa masu shayarwa ba tare da fargaba ba.

Laifi biyu a kurɓi ɗaya

Mai shayarwa ta bambanta da sauran mashaya, domin ta haɗa haƙƙin Allah da haƙƙin bawa. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta sanya shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda ya so cikawa, kuma a cikin ayar aka hana cutar da uwa saboda ɗanta ko uba saboda ɗansa. Hadisin hana cuta da cutarwa, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ginshiƙi ne a wannan babi. Jariri ba shi da bakin ƙin abin da aka ba shi, ba shi da wata tukunya sai wannan.

Magabatanmu sun san alaƙar abin da mai shayarwa ke sha da lafiyar yaro tun kafin a ƙirƙiri ɗakin gwaji. A cikin Mudawwana an kawo cewa Imamu Malik bai so a ɗauki mai shayarwa daga matan da addininsu bai hana su giya ba, kuma dalilin da ya bayar shi ne tsoron kada abin da suke ci suke sha ya kai ga yaron. Idan wannan ne tsoronsa game da baƙuwar da aka ɗauka haya, me zai ce game da uwa Musulma?

Dubi kuma girman da shari'a ta ba nono. A Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, mai shayarwar da ta ji wa ɗanta tsoro, ba ta sami wadda za ta shayar mata ba ko yaron ya ƙi karɓar wata, tana ajiye azumin Ramadan ta ciyar, daga baya ta rama. Rukuni ne na Musulunci aka jinkirta don kada nono ya ragu. Matar nan ta ƙabilar Gamid da ta zo da kanta tana neman a tsayar mata da haddi, Annabi ya mayar da ita har ta haihu, ya sake mayar da ita har ta yaye, sai da ta dawo da yaron yana riƙe da gutsuren gurasa. Abin da aka ɗage azumi da haddi saboda shi, bai kamata a gurɓata shi da kwalbar naira kaɗan ba.

Game da tambayar najasa, malamanmu na Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Halil da sharhohinsa, suna ganin nonon ɗan Adam mai rai tsarkakakke ne, ko da na wanda ya bugu ne. Tufafin da ya taɓa ba su zama najasa ba, yaron ba shi da zunubi, kuma 'yan'uwantakar shayarwa tana tabbata da shi. Sai dai tsarki daban, aminci daban. Ruwan da aka zuba wa guba yana iya zama mai tsarki, amma ba mai hankalin da zai ba ɗansa.

Ruwa ba ya tsami banza

Zai yi mana sauƙi mu tsaya a nan mu la'anci matan da suka faɗa wannan hali, mu koma gida muna jin mun yi wa'azi. Amma adalci ya hana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa ciwon damuwa. Mu kuwa ba mu da suna gare shi sai iska ko shagwaɓa ko rashin godiya. Yarinya ce ta haihu tana da shekara 17, ba ta barci, jikinta na ciwo, miji ya fita tun asuba ba ya dawowa sai dare, wata kuma an yi mata kishiya tana cikin arba'in, wata an sake ta da goyo. Sai ƙawa ta zo barka ta ce ga abin da zai sa ki manta. Daga kurɓi ɗaya ake farawa. Wata ma ba ƙawa ba ce ta koya mata, ciwo ne bayan tiyata, aka sayo mata tiramadol a kemis ba takardar likita, jiki ya saba.

Ayar shayarwa da muka ambata ba uwa kaɗai ta yi wa magana ba. Ta ɗora wa uba ciyarwa da tufatarwa gwargwadon hali, ta kuma sharɗanta yarda da shawara tsakanin su biyu kafin a yaye. Magidancin da bai san abin da matarsa ke ci ba, bai san ko ta yi barci ba, bai lura da sauyin idonta da muryarta ba har wata uku, shi ma yana da amsar da zai bayar. Haka mai kemis ɗin da ya miƙa wa ƙaramin yaro ɗan aike abin da ya san doka ta hana, da dillaliyar da ke shiga gida-gida da shi a ƙarƙashin hijabi. Hadisin da ya la'anci giya bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai sayarwa da mai ɗauka da mai cin kuɗinta.

Kada garin neman gira a rasa ido

Kuskure na farko da iyalai ke yi idan asiri ya tonu shi ne fizge yaron a yaye shi rana ɗaya, a koma ba shi koko da ruwan zafi. A jihar da tamowa ke kwantar da yara a asibitoci duk shekara, wannan hukuncin kisa ne a hankali. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kacal na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla. Madarar gwangwani ta fi ƙarfin yawancin gidaje, ruwan da za a dama ta da shi ma abin tsoro ne. Kuskure na biyu shi ne a kulle uwar a ce ta daina yau-yau. Jikin da ya saba da kodin ko tiramadol yana shiga mawuyacin hali idan aka yanke masa kwatsam, har jaririn da ya saba samu ta nono yana iya shiga irinsa. Kuskure na uku shi ne saki da tonon silili, wanda ke tura ta inda babu mai sa mata ido, ga kuma goyo a bayanta.

Hanyar da ta dace ita ce a haɗa tuba da magani. A kai uwa da ɗa wurin likita a faɗi gaskiyar abin da take sha da yawansa. Likita ba alƙali ba ne. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, ga kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, inda ake kula da masu fama da shaye-shaye. Zuwa Kware ba hauka ba ne, kamar yadda zuwa asibitin ido ba makanta ba ne. Likita ne zai faɗi ko ta ci gaba da shayarwa ko a dakata na wani lokaci. Idan dakatawa ta zama dole, Alƙur'ani ya buɗe ƙofar neman wata ta shayar, bayan an duba lafiyarta, kuma a rubuta wa ta shayar da wa, don kada a wayi gari an ɗaura aure tsakanin 'yan'uwan nono.

Shawarar da ake gani a intanet, cewa mai shayarwa ta jira awa biyu bayan kofi ɗaya, an rubuta ta ne ga al'ummomin da ke ganin giya halal ce. Ba rangwame ba ce ga Musulma. Amfaninta a wurinmu guda ne: wadda aka jarraba ta sha, ko ta sha bisa rashin sani, kada ta ba da nono har sai abin ya sake ta, kada ta kwanta da jaririn a shimfiɗa ɗaya, a sami wani babba ya riƙe shi. Faɗin wannan ba halatta saɓo ba ne, tsare rai ne.

Aikin da ke kanmu

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya jiƙansa, ya yi kakkausar suka a littafinsa Nurul Albab ga malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke kai ilimi ga mata har ƙauyuka. Wannan gadonmu ne a Sakkwato, kuma shi ne makamin da wannan matsala ke buƙata, domin abin da ke faruwa a ɗakin mai jego, liman ba ya gani, ɗan Hisba ba ya gani, jami'in NDLEA ba ya gani. Malamar Islamiyya ce ke gani, da unguwarzoma, da kaka, da maƙwabciya. Ya kamata darasin shayarwa a makarantun matan aure ya wuce hukuncin wa ya haramta ga wa, ya kai ga abin da ke shiga nono. Limamai su ware huɗuba, ko da a makon farko na watan Agusta da duniya ke tunawa da shayarwa. Hukumomi su bi manyan dillalai da shagunan da ke sayarwa, maimakon a tsaya kan yarinyar da aka kama da kwalba ɗaya.

Ke kuma 'yar'uwa da wannan rubutu ya same ki cikin wannan hali, ƙofar tuba a buɗe take, kuma Allah da ya ambaci wahalar uwa, rauni a kan rauni, a Suratu Luƙman, ya san abin da kike ɗauke da shi. Ki nemi mutum ɗaya da kika amince da shi ki faɗa masa yau, kafin barcin ɗanki ya zama wanda ba a tashi.

Magidancin da ya zo mana ya dawo bayan makonni. Bai saki matarsa ba, tana ganin likita, kuma ya ce yanzu yaron yana hana su barci da kuka. Muka ce masa ya yi sujadar godiya.

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya yaye wa waɗanda aka jarraba, ya tsare gidajenmu daga abin da ke gusar da hankali. Allah ne Mafi sani.